Tocilar Kawu a Hoton Farin Wata

Jiya na kafa kyamara a bakin gonar cittarmu a Madakiya, na barta tana shan hasken farin wata a hankali. Irin wannan hoto ba ya son motsi. Ni kuwa ciyawa na motsawa sai in waiga.

Sai ga tocila a fuskata. Kawu Yohanna ne, yana zagayen gadi.

"Haba Kawu, ka ɓata min hoto!"

"Ɗana, tun da mahara suka fara shigo mana, wa ya sake ɗaga kai ya kalli wata?"

Hasken tocilarsa ya ja layi a hoton, ya raba gonar biyu. Na kasa gogewa.

Ku fa, yaushe rabonku da kallon wata hankali kwance?