Gwadabe da Tagar Soron Bubayero

Gwadabe magini ne, haifaffen ƙauyen Balan, amma a Gaya ya yi yawancin rayuwarsa. Da rani yana gini, da damina ya koma gonarsa ta gero. Ba shi da yawan magana. In an kira shi duba katanga, sai ya dafa ta da tafin hannu yana nazarinta, a yi ta jiransa.

A unguwarsu akwai Soron Bubayero, tsohon ginin ƙasa da aka ce ya riga Turawa zuwa. Faɗinsa ya isa a yi ɗaurin aure a ciki, amma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Baƙi kan zo daga Kano kallonsa, ɗalibai da Turawa masu ɗaukar hoto, sai dai kowa ya fito yana ƙorafin duhu ya hana shi ganin adon rufin.

Daminar 1974 ta cinye gindin bangon gabas. Inuwa, jikan Bubayero, malamin firamare, ya zaga masu hali na gari. Suka yarda su ba da azara da leburori, da sharaɗin a fasa taga a bangon don baƙi su sami haske.

"Malam Inuwa, bangon nan shi ke ɗauke da rufin," in ji Gwadabe.

"Na sani, Baba. Amma in babu taga babu taimako, kuma soron ba zai ga wata damina ba. In kana da wata dabara, faɗa mini in bi."

Gwadabe ba shi da wata dabara. Ya gyara gindin bangon, ya bari ya sha iska, sannan wata rana da hantsi ya kafa tsani daga waje ya fara zare tubali ɗaya bayan ɗaya. Bai san mota ta tsaya ta gaba ba, bai kuma san Inuwa, don ɗoki, ya shigar da ɗaliban da suka zo a motar cikin soron su ga shigowar hasken farko ba.

Hannunsa na kan bango ya ji motsi. Sai wata ƙara siririya daga cikin rufin, irin ta azara in nauyi ya fi ƙarfinta. Ya leƙa ta kafar da ya huda, ya ga kawunan mutane, ƙasa tana zubo musu kaɗan-kaɗan suna kakkaɓewa suna dariya. Ƙofar soron kuwa mutum ɗaya take ci. In ya yi ihu, a bakinta za su tattake juna.

"Malam Inuwa," ya ce a hankali, "fito da su ɗaya-ɗaya. Kada kowa ya taɓa bango."

Inuwa ya dubi fuskarsa, bai tambayi dalili ba.

Na ƙarshe na fita, Gwadabe da leburori suka shiga da gungumen giginya. Suna cikin miƙar da shi wani ɓangare na rufin ya ɓalle, ya sauka a kafaɗarsa ta dama. Bai saki ba sai da gungumen ya zauna. Ƙarar ta tsaya.

Daga baya aka lulluɓe gungumen da tubali, ya zama ginshiƙi. Masu hali suka ce an ɓata soron, wasunsu suka janye hannu. Gwadabe bai musa ba, shi ma ba ya son kallon ginshiƙin. Tagar ta tsaya ƙarama, iyakar inda ya kai. Inuwa kuma bai ƙara barin baƙi su shiga da yawa lokaci guda ba.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kafaɗar ba ta koma daidai ba, Gwadabe bai sake hawa tsani ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka yakan zo ya zauna a inuwa yana nuna wa masu yaɓe inda za su ƙara ƙasa. Ya rasu a Balan a 1978, bayan an gama yankan gero.