Ɗauko Kawu Ilu daga Garki

Limawa zuwa Garki

Ana sallame sallar Asuba na bar gidanmu a Limawa cikin Dutse, shekarar nan da aka fara shari'ar Musulunci. Saƙo ne ya zo cewa ƙafafun Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma ya rantse ba ya barin ƙauye sai ya girbe geronsa. Inna ta ce, "Sabo, kawo min shi ko a ɗaure."

Na sami bas a tasha, mata a baya, maza a gaba. Bayan Kiyawa 'yan sanda suka tare mu, suka zazzage buhunan wata mai kuka da kuɓewa, suka sallame mu. Hantsi ya yi mana a Ringim. Na karya da koko da ƙosai, na hau akori-kura cikin 'yan kasuwa da awaki har Garki, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Na tarar da Kawu a gindin darbejiya, fuskarsa ta cika kamar ba shi ba. Muna gaisawa ya kwance wata leda, ya watsa ƙwayoyi ja da rawaya a baki.

"Kawu, wane magani ne wannan?"

"Na gajiya. A kasuwa ake haɗa min. Ba don shi ba, da tuni na ajiye fartanya."

Sai da na ce Inna ta daina cin abinci sannan ya yarda ya bi ni.

Ringim

Washegari numfashi ya gagare shi a mota, muka sauka a wani ƙaramin asibiti. Nas ɗin, Sista Rifkatu, 'yar Filato ce, amma Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ta auna jininsa, ta karɓi fitsarinsa ta tsoma wata siririyar takarda. Ina kallo takardar ta rikiɗe ta koma kore.

Na ce, "Sista, me ta faɗa miki?"

"Ta ce ƙodarsa tana yoyo."

Na yi ta jero mata tambayoyi. Ta ce da can ba a yin haka. Wani likitan ƙoda ne daga Kano ya yi shekara da shekaru yana bin ƙauyuka yana gwada manoma, ya gano hawan jini da ƙwayoyin gajiya suna cin ƙodarsu a ɓoye. Ya rubuta, ya yi ta sintiri a ma'aikatar lafiya har aka sa doka: duk babban da ya zo, ko ciwon kai ya kawo, a auna jini, a duba fitsari.

"Ka yi sa'a," in ji ta. "Gobe yana Dutse."

Dutse

Washegari a asibitin Dutse, na zaci zan ga mutum mai tumbi da babbar riga. Sai ga wani siririn dattijo, takalminsa duk ƙura. Ya danna ƙafar Kawu, yatsa ya bar rami. Da ya ji sunan ƙauyen su Kawu sai ya ɗago.

"Ai na taɓa zuwa. Ranar ma kora ta aka yi."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Likita, ni na sa. Na ce wa mutane wanda ya zo neman fitsarin talaka, asiri zai yi da shi."

Likitan ya yi dariya har da tafa hannu. "To Baba, maƙwabtanku sun bayar. Abin da na koya a nasu, shi ya kama naka jiya."

Ban iya yin shiru ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya fitar da kai daga ofis zuwa ƙauye?"

Ya ce a Kano sai ƙoda ta gama lalacewa ake kawo masa mutum, a lokacin sai wankin ƙoda, wanda ko an sayar da gona kuɗin ba ya isa. "Na gaji da tarar mutane a ƙarshen hanya, na ce bari in tare su a farkonta."

Kawu ya tambaya a hankali, "Ni fa, ina nake?"

"A tsakiya. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma saura za mu riƙe. Ƙwayar kasuwa, kun rabu. Gishiri da kanwa a rage."

"Gerona fa?"

"Ba ka da 'ya'ya ne?"

Gida

La'asar sakaliya muka shiga Limawa. Inna ta dubi ƙanin nata, ta fasa faɗan da ta tanada, ta shiga kicin ta yi masa miya lami. Ya ci yana mita. Ya kwana biyu a wajenmu, 'ya'yansa suka yi gayya aka girbe geron. Da ya koma, shi da kansa ya riƙa tasa tsofaffin ƙauye a gaba zuwa awo, wanda ya yi gardama ya ce masa, "Ni ma da haka na ce."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ni kaɗai, ya dawo da mu mu biyu.