Malamar da take karanta mana hoto

"Jan layin ya taso daga hagu, ya yi sama, sai ya karye a tsakiya..."

Haka malamarmu ta jami'a take bayanin kowane hoto a darasin da muke yi ta intanet. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Riyad, a gajiye nake shiga aji. Ran nan na ƙosa, na tura mata saƙo: "Malama, ai muna gani."

Ta ce, "Ba dukanku ba."

Na ce, "Wane ne ba ya gani?"

Ta ce, "Ba zan faɗa ba. Na tsara darasin ne yadda ba sai ɗalibi ya tona lalurarsa a gaban mutane kafin ya samu karatu ba."



Jiya na taso daga aiki, jirgin ƙasa na metro ya cika maƙil, ko wayar ban iya cirowa daga jaka ba. Ta kunne kawai na bi darasin har tashar Al-Naseem, kuma hoton nan tsaf na gan shi a raina.

Ashe har da ni take yi wa.

Ku fa, wa ya taɓa share muku hanya tun ba ku roƙa ba?