Hutun Baban Rarrafe

A ofishinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Baban Rarrafe ake ce masa, har matarsa ta ɗauka, musamman in ya ɓata mata rai. Rarrafe kuwa ba yaro ba ne, manhaja ce da ya rubuta, mai bin shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya tana kwaso tallan guraben aiki, kamfaninsu ya jera wa masu nema. Da gyaran waya ya fara a wata rumfa, ya koma buga takardu a shagon kwamfuta, a nan ya koyi rubuta manhaja in babu kwastoma. Hannun mai gyaran waya bai bar shi ba: in abu ya fashe, a liƙa faci a wuce.

Wani shafin yana ɓoye ranar rufe talla cikin hoto, sai ya ƙara wa Rarrafe sharaɗi: idan ka ga kaza, yi kaza. Wani yana korar Rarrafe in ta cika sauri, ga wani "idan". Haka suka taru a dogon sashe guda, wanda ba mai iya karantawa sai shi. Da har alfahari yake yi. Sai da ya lura rabonsa da hutu tun yana da gashi a tsakar ka.

Ana nan aka sa ranar da za a cire wa mahaifiyarsa yanar ido. Inna ta ce, "Kai nake so ka riƙe min hannu. Ƙanwarka surutu gare ta, sai ta ruɗa likitan."

Ya nemi hutun mako. Manaja ya juyo masa da allon kwamfuta. Ashe ya samo wani ma'auni mai ƙirga rassan manhaja: duk "idan" reshe ne, in sun yi yawa a sashe ɗaya sai ya nuna ja, alamar gyaransa zai ba wani wuya. Sashen Baban Rarrafe ja wur, kamar idon mai mura.

"Ranka ya daɗe, wannan abin ƙidaya kawai ya iya. Bai san dalilin ko ɗaya ba."

"Ni ma ban sani ba, Doguwa ma ba ta sani ba. Matsalar ke nan. Ranar da ya koma kore, ka bar mata ka tafi."

Doguwa ita ce abokiyar aikinsa, teburinsu ɗaya, fankarsu ɗaya mai kukan tsohuwar akuya.

Tsakani da Allah ya fara. Ya cire wani sharaɗi da ya ɗauka ya mutu, tallan asibitoci suka ɓace gaba ɗaya. Ya mayar. Ya haɗe wasu biyu, Rarrafe ta kama shafi ɗaya tana zagayawa kamar kazar da ta sha jiƙo. Ya yi tsaki har mai shara ta leƙo. Ranar aikin Inna tana matsowa, ja bai ko dusashe ba.

Sai dabara ta faɗo masa. Ma'aunin sashe-sashe yake dubawa, bai damu da jimla ba. Ya kama dogon sashen ya daddatsa shi ƙanana, wannan ya kira wancan, wancan ya kira na gaba. Sunaye suka ƙare masa, ya shiga raɗa musu: gyara, gyara na biyu, gyara na gaskiya, kar a taɓa. Allo ya yi kore shar.

Doguwa ta leƙa ta riƙe baki. "Yaya, da macijin guda ne, mun san inda yake kwana. Yanzu ka sassare shi, kowane gutsure ya yi kai."

"Kore ne ko ba kore ba?"

"Kore ne."

"To a gaida manaja."

A asibiti, Inna tana kan benci da hular leda a ka, hannunta cikin nasa, sai waya ta ɗauki ruri. Doguwa ce. Wani babban shafi ya sauya fasali, Rarrafe tana kwaso tallan katifa a matsayin aikin banki.

"Shiga gyara na biyu."

"Ya tura ni gyara na gaskiya."

"To bi shi."

"Ya dawo da ni na biyu, Yaya!"

Ya saki hannun Inna, wai minti ɗaya. Ya zaro kwamfuta daga jaka ya tsuguna kusa da soket, fuska ga bango. Da, ido rufe yake sa yatsa a kan matsala. Yau shi ma baƙo ne a gidan da ya gina, yana buɗe ƙofa tana kai shi wata. Bai ji an kira sunan Inna ba. Bai ga ƙanwarsa ta kama ta sun shiga ba.

Sai takun silifa ya ji a bayansa. Ya waiga. Ga Inna da bandeji a ido ɗaya, ƙanwar tana riƙe da ita tana zuba surutu.

"Har an gama?"

"An gama, Baban Rarrafe," in ji Inna, karo na farko da ta kira shi haka. "Likita ya ce gobe zan gani tar. Ka zo da wuri, ka ji? In fara da ƙeyarka, ita na fi sabawa da ita."

Ya buɗe baki zai yi magana, waya ta sake ɗaukar ruri.