Yayata da Gurbin da Ke Cikin Waƙa

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga takardu a ofishin sashen harsuna na jami'a. Ofishin ɗan ƙarami ne, taga ɗaya, kabad biyu na ƙarfe, da fankar da sai an zungure ta da rula take tashi. Ɗalibai suka sa mata Inna Tafireta, sunan ya bi ta har bayan da aka kwashe tafiretocin aka kawo kwamfuta. Ni ƙanwarta ce, ma'aikaciyar jinya, kuma tsakanina da adabi sai gaisuwa daga nesa.

Karatun Yaya bai wuce sakandare ba, amma tana da hali guda: duk abin da aka ba ta ta buga sai ta karanta shi. Da malaman sashen suka fara kawo mata irin waƙoƙin nan na zamani, marasa amsa-amo, ɗango ɗaya dogo ɗaya guntu, sai ta dawo gida tana mita.

"Ke dubi nan," in ji ta, "wannan waƙa ce ko jerin kayan cefane?"

Ba a yi shekara biyu ba na kama ta tana wanke-wanke tana maimaita wani ɗango a bakinta. Na ce, "Yaya, cefanen ne?" Ta watsa mini ruwan kumfa.

Malaman suna da ƙungiyar adabi ta masu nazarin irin waɗannan waƙoƙi. Da farko rubuta bayanin taro kawai Yaya take yi musu. Da ta yi ritaya sai suka zaɓe ta mai tsara zama, domin a cikinsu duka ita kaɗai ce take amsa wasiƙa a ranar da ta iso. Aikin shi ne: duk shekara in za a yi babban taron ƙara wa juna sani na masana adabi, ƙungiya takan nemi a ba ta zama ɗaya ko biyu. Masu son yin magana su aiko da tsakuren maƙalarsu, Yaya ta karanta, ta haɗa su uku-uku yadda maganar wannan za ta taɓa ta wancan.

A kan teburin cin abinci take wannan aiki. Kowane tsakure ta rubuta shi a kati, ta maƙale uku da abin shanya tufafi. Mijinta, tsohon mai gyaran rediyo, yakan ɗauki kwanonsa ya koma baranda tun daga watan da aka buɗe karɓar takardu.

"An kore ni daga gidana saboda mutanen da ko waƙar da za a taka ba su iya ba," yakan ce mini. Amma shi ne yake kai mata wasiƙu gidan waya, kuma shi ya fi kowa sanin wane farfesa ne ba ya ga maciji da wane.

Shekara uku da suka wuce tsakure biyu suka iso a mako guda, duka a kan waƙa ɗaya. Waƙar wani marigayi ce da ya koyar a sashen su Yaya, tana magana a kan mutumin da ya raka wani tashar jirgin ƙasa. A ɗango na bakwai an rubuta "jirgi ya tafi ya bar ni da", sai fili fari babu komai, sannan "a hannu". Wannan gurbi shi ne abin faɗan.

Mai tsakure na farko dattijo ne da ake kira Farfesa A-taƙaice, saboda in ya ce "a taƙaice" to ka gyara zama, akwai sauran rabin awa. Shi a ganinsa marigayin da gangan ya bar gurbin tun farko, don ya nuna rashin da baki ba ya iya faɗa. Ta biyun ita ce Dakta Sai-dai, wadda ba ta taɓa yarda da magana ba tare da ta ɗora mata "sai dai" ba. Ita ta ce akwai kalma a wurin, ɓacewa ta yi, kuma aikin mai karatu ne ya nemo ta. Shekara tara suna jifan juna a mujallu, ko a matakala suka haɗu kowa sai ya duba agogonsa.

Shugaban ƙungiya ya kira Yaya a waya. Ina zaune, na ji komai.

"Inna, don Allah ki raba su. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma."

"Ranka ya daɗe, waƙa ɗaya ce, ɗango ɗaya ne. In na raba su me zan ce wa masu sauraro?"

"Za su kunyata mu gaban baƙi."

"Bar ni da su," in ji Yaya, ta maƙale katunan biyu wuri guda.

Ina da hutu a lokacin, sai na ce ni zan tuƙa ta zuwa taron. Gaskiya faɗan na je kallo.

An ba mu aji a hawa na biyu, mai kujera arba'in. Tun kafin ƙarfe goma ajin ya cika, labari ya zaga, mutane suna jan kujeru daga ajin da ke kusa, wasu sun jingina da bango. Yaya ta zauna a gefen tebur da katunanta na lokaci, ɗaya an rubuta "saura minti biyar", ɗaya "ya isa". Ta ajiye wa kowannensu ruwa, ta sa mai magana ta uku, wata malama mai sanyin murya, a tsakiyarsu.

Farfesa ya yi nasa, ya ce "a taƙaice" sau huɗu, Yaya ta ɗaga kati har hannunta ya gaji. Dakta ta tashi ta warware duk abin da ya saƙa. Ba wanda ya kalli wani. Da aka zo tambayoyi, wani baƙo mai furfura daga bayan aji ya ɗaga hannu.

"Ni tambayata ƙarama ce. Akwai wanda ya taɓa ganin takardar da marigayin ya rubuta da hannunsa?"

Farfesa ya ce ta ɓace. Dakta ta ce ta nema har gidan iyalansa, babu. Sai na ji Yaya ta yi wata 'yar dariya da na sani tun muna yara, irin wadda take yi in an rasa abu alhali yana aljihunta.

Malamin da ke shugabantar zaman ya juyo. "Inna, da magana ne?"

"A'a, ba komai. Ni dai na san babu takardar hannu. A tsaye ya faɗa mini ita, ina bugawa."

Yaya ta gyara gilashinta, ta ga duk idanu a kanta, sai ta miƙe.

"Wata Talata ce ya shigo, ya tsaya a bayana yana faɗa ina bugawa. Da muka iso wurin nan sai ya yi shiru. Can ya ce, 'Bar mini fili, gobe zan kawo kalmar.' Na ce kamar yaya? Ya ce kamar faɗin yatsa uku. Na danna maɓallin tazara sau tara, na wuce."

Dakta ta buga tebur. "Kun ji ko! Akwai kalma!"

"Tsaya, Dakta, ban gama ba. Gobe ta yi bai kawo ba. Duk sanda ya shigo karɓar wasiƙa sai in ce, 'Malam, kalmar fa?' Ya ce, 'Tana hanya.' Wata biyar muna haka. Ranar da za a kai wa maɗaba'a na ajiye masa takardar na ce yau dai sai ka cike. Ya zauna a kujerar baƙi ya yi kamar minti goma yana kallon ta. Ya ce ya gwada jaka, ya gwada tikiti, ya gwada sallama, duk wadda ya sa sai ya ga ta yi wa wurin kaɗan. Sannan ya ce, 'Bar shi haka, ya fi ni sanin abin da yake nufi.'"

Farfesa ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama. "Da gangan! Shekara tara ina faɗa!"

Dakta ta buɗe baki ta ce, "Sai dai..."

Ba ta ƙarasa ba ajin ya fashe da dariya. Na ga kafaɗun Farfesa suna rawa, ya cire gilashi yana share ido. Dakta ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta kasa, ta kifa kai a kan takardunta.

Da aka lafa Farfesa ya dubi Yaya. "Inna, shekara nawa kina buga mana rigimar nan da hannunki. Me ya hana ki faɗa?"

"Ranka ya daɗe, wa ya tambaye ni? Ku dai kukan ce in bar tazara biyu tsakanin layi."

A wurin shan shayi na ga abin da shugaban ƙungiya ya ce bai taɓa zaton zai gani ba: Farfesa yana zuba wa Dakta madara, suna gardama a kan ko wata biyar na nema ya fi muhimmanci ko minti goman da marigayin ya yi a kujerar baƙi. Mutane suka yi wa Yaya layi. Wata ɗalibar digiri na uku ta tambaye ta ko marigayin yakan canza kalma in ya ji ƙarar bugunta. Yaya ta ce sosai ma, ta ja kujera, suka yi kusan awa. Ni aka bar ni riƙe da jakarta da katunan lokaci.

Muka shiga mota muka fita daga harabar. Sai ta ce, "Ashe abin da na gani ma ilimi ne." Na ce da ma. Ta ce in kalli hanya.

Bayan wata shida aka kawo mata ambulan gida. Maƙala ce Farfesa da Dakta suka rubuta tare, kuma sun sa sunanta a sama da nasu, suna neman izininta kafin su aika wa mujalla. Mijinta ya karanta shafin farko da ƙarfi a baranda har maƙwabciya ta leƙo. Yaya ta karɓa, ta share tebur, ta ɗauko jan biro. Washegari ta mayar musu da ita da gyara goma sha ɗaya, da 'yar takarda cewa ta amince, amma ranar da marigayin ya faɗa mata waƙar Talata ce ba Laraba ba.