Gawar da Sorsing Ta Fitar Daga Filin Zaɓe

A garinmu na bakin tafki har yau akwai masu rantsuwa cewa Consorcia Dimaano, wadda kowa ke kira Sorsing, ta taɓa kashe mutum ta kuma tashe shi kafin a buga ƙararrawar tara. Wasu ma cewa suke ta tauna harsashi ta tofar da kwanson. Duk ƙarya ce. Ni taubashinta ne, na san iya haƙoranta, ko ƙanzon shinkafa sai ta jiƙa. Ba ta kashe kowa ba. Mutumin ma bai mutu ba, ita ce dai ta ce ya mutu, kuma ba a haifi mai yi wa Sorsing musu ba tukuna.

Abin ya faru shekarar da aka sake buɗe sakandare bayan tafiyar sojojin Japan. Makarantar ba rufi, rabin bencinan an dafa abinci da su. Ɗalibai kuwa, sai ka ga ɗan aji biyu gemunsa ya fi na hedimasta, don shekarun yaƙi a daji ya yi su da bindiga. Hedimasta ya ce maganin su shi ne aiki. Ya kafa majalisar ɗalibai, da ƙungiyar kwashe baraguzai, da ta agaji. Ta agajin ta faɗo hannun Sorsing, don uwarta ungozoma ce, tun tana ƙarama take riƙe ƙafar masu naƙuda. Kayan aikinta gora biyu ne da aka zura a buhun shinkafa don ɗaukar majinyaci, sai 'yan mata huɗu da ko jinin kaza suka gani sai an yi musu fifita.

Mutum biyu ne ke neman shugabancin majalisa. Akwai Isyong Magpantay, wanda ya dawo daga daji da tabo a wuya da adda a ƙugu. Akwai Melecio Umali, siriri, gwanin lissafi, wanda tabaransa ya fashe tun yaƙi, malamai suka tura shi don kada a ce ba hamayya. Matsalar Melecio ubansa ne. Lokacin mamaya, in sojoji suka jera mazan gari a filin coci, sukan kawo wani mutum an kifa masa bayong a ka, jakar kaba irin ta cefane, da huda biyu ta ido. Duk wanda ya nuna da yatsa, an gama ganinsa. Ba wanda ya ga fuskar mai jakar, amma gari ya yanke cewa tafiyarsa irin ta uban Melecio ce, shi kuma ya ɓace da ƙarewar yaƙi. Yatsan nan ne ya ɗauke yayyen Isyong biyu. Shi ya ɗauke uban Sorsing.

Ranar zaɓe aka nemi akwatin ƙuri'a aka rasa, sai malamar ɗinki ta miƙo jakar cefanenta. Ashe ɓera ya yi mata aiki a gefe. Hedimasta, sarkin ƙa'ida, ya ce kowane ɗan takara ya duba ya tabbatar ba komai a ciki. Isyong ya kakkaɓe ta ya jefar kan tebur. Melecio, da ba ya gani sai ya manna ido, ya ɗaga ta ya zura kansa ciki gaba ɗaya. Hudar ɓeran ta zauna daidai idanunsa. Ya ɗaga yatsa zai nuna wa hedimasta cewa ƙuri'u za su zube, yatsan ya sauka kan layin ɗalibai.

Wata yarinya ta saki fitsari a tsaye. Sai Isyong ya kurma wani ihu kamar an taka kare.

"Ɗan mai jaka! Yau kuma wa kake nunawa?"

Bencin farko ya sami Melecio a baya tun bai cire jakar ba. Na biyu ya karye a kansa. 'Yan ƙungiyar baraguzai, da suka yi wata guda suna tara fasassun bulo a gefen fili, suka dawo da su ɗaya bayan ɗaya a haƙarƙarinsa. Hedimasta ya shiga tsakani yana busa usur, aka maido masa da usur ɗin cikin baki tare da haƙori. Jini ya fara tsiyayowa ta saƙar kabar.

Sorsing na tsaye a gefe. Ita ma filin coci ta gani, da ƙeyar ubanta ana tura shi mota. Hannunta har ya sunkuya ya ɗauki dutse. Sai ta ji muryar da ke cikin jakar tana kiran uwa, sak yadda masu naƙuda ke kira in ƙarfinsu ya ƙare. Ta saki dutsen.

"Ku ɗauko gadon, 'yan banza! Suma sai an jima!"

Biyu sun riga sun zube, biyu sun tsallake katanga. Ta zare gora ɗaya ta shiga da kanta. Hanci na farko da ta samu ya koma kallon kunne. Wani ƙato ya riƙe ta, ta ba shi gindin gorar a maƙogwaro ya zauna yana neman iska. Ta iso daidai Isyong ya ɗaga adda, ta faɗa kan Melecio ta rufe shi. Addar ta sauka a hannunta na hagu, yatsu biyu suka yi tsalle cikin ƙasa.

Isyong ya tsaya yana huci. "Tashi, Sorsing! Kin manta ubanki?"

"Kai za ka tuna mini ubana, Kuya Isyong, babban yaya? Ka fara da yatsu, ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba, amma na bayansa suna matsowa da bulo. Ta zare jakar, ta ɗora kunne a ƙirjin yaron. Zuciya na bugawa a hankali. Ta miƙe, jini na bin siket ɗinta.

"Ya mutu. Kun huta? To a cire huluna, marasa kunya, gawa ce a gabanku."

Mutanenmu za su iya kashe ka, amma ba za su tsaya gaban gawarka da hula ba. Bulo ya riƙa faɗuwa daga hannaye, kowa na yin alamar gicciye yana ja da baya. Ta yage haɓar siket ta rufe masa fuska, ta ɗaure hannunta da saura, ta mayar da gorar cikin buhu.

"Kai ka kashe, kai za ka ɗauka. Kama gaba," ta ce wa Isyong.

Ya kama. Ita ta saɓa baya a kafaɗa, suka nufi gidan fada, limamin cocinmu. Suna tsakiyar hanya, gaban kasuwar kifi, gawa ta yi tari. Isyong ya tsaya cak. Addarsa na nan a ƙugu, ba kowa a layin sai su.

"Iska ce," in ji Sorsing. "Gawa kan yi haka. Tafi."

Isyong ya ga gawa a daji fiye da yadda ya ga littafi. Ya daɗe a tsaye. Bai waiwayo ba. Ya gyara riƙo ya ci gaba da tafiya.

Melecio ya rasa ido ɗaya, fada ya sa shi a jirgin ruwa zuwa wurin danginsa a wani tsibiri. Isyong ya ci zaɓe da ɗaga hannu, don ba wanda ya yarda a sake kawo jaka. Sorsing ba ta gama aji huɗu ba, ta gaji uwarta, kuma da yatsu takwas ta jawo rabin garin nan duniya, har da 'ya'yan Isyong.

Kwanan baya na same ta tana soya ayaba a ƙofar gida, na ce, "Ate Sorsing, yayata, yanzu dai an tsufa, faɗi gaskiya. Son Melecio kike yi, shi ya sa kika kwanta a kansa gaban duk makaranta."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ko kai aka taru a kai zan kwanta, sakarai. Amma kai sai na bari sun ɗan gaji tukuna."