Mayar Mini da Shi Baya

Saura ƙiris wani fim ɗin Turawa ya kashe mini aure tun kafin a ɗaura shi. Yau in na ba da labarin dariya ake yi, amma a lokacin ko tuwo ba na iya ci.

Ina shekarar ƙarshe a sashen Turanci na wata babbar makaranta a Kafanchan, kuma kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike kafin a sallame shi. Masu wayon ajinmu suka zaɓi littattafai, abin da mutum zai cusa a jaka ya karanta a gindin mangwaro. Ni kuwa, uwar iyayi, na ce fim zan nazarta, in gano yadda masu shirya shi ke nuna baƙin ciki ba tare da wani ya buɗe baki ya ce ransa ya ɓaci ba. Malamin da ke duba aikina ya ce, "Madalla. Amma ki sani, ba kallo za ki yi ba, feɗe shi za ki yi. Duk inda kyamara ta tsaya, ke ma ki tsaya ki tambaye ta dalili."

Faɗa da baki ai ba wuya. Ba ni da kwamfuta, fuskar wayata ta tsattsage, wutar lantarki kuwa a unguwarmu baƙuwa ce, in ta leƙo sai ta koma. Wanda ya cece ni wani Alhaji ne mai gidan kallon ƙwallo kusa da tasha, wanda ya daɗe yana sayen citta a hannun babana a Kagoma. Da safe babu wasa, amma janaretansa na aiki saboda masu cajin waya. Ya ce, "Malama, shiga ki yi karatunki. Talabijin ɗin zaman banza yake yi."

Rumfar kwano ce mai duhu, sai bencina a jere da warin fetur. Kullum da safe zan shiga da faifaina da takarduna, in kunna, in tsayar, in mayar baya, in rubuta. Da rana ta ɗaga sai in fito idona jajir, rabi saboda duhu, rabi kuma, gaskiyar Allah, saboda kuka, don fim ɗin bai taɓa barina na fita da busasshen ido ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, a bakin ƙofar nan 'yan acaba ke jiran fasinja. Ɗan acaba kuwa ba mutum kaɗai yake ɗauka ba, har da labari, kuma labarin kan riga fasinjan isa.

A lokacin akwai wanda ke nemana da aure, malamin makaranta ne a Kujama, amma ɗan garin Madakiya ne, nan kusa da Kafanchan. A wajenmu, kafin dattawan miji su kawo gaisuwa, sai danginsa sun bi ta ƙarƙashin ƙasa sun binciki halin yarinya. Ba za ki san wa aka aiko ba. Yana iya zama mai sayar miki da tumatir, yana iya zama wadda kuke zama benci ɗaya a coci. Mahaifiyarsa kuma ita ce shugabar zumuntar mata a ikilisiyarsu. Sau ɗaya na taɓa gaishe ta, ta dube ni daga ɗankwali har silifas, ta ce, "Lafiya," shi ke nan. Ɗan nata ya sha ja mini kunne a kan dokokin gidanta, har da wata da ta ba ni dariya, wai ba a cin abinci a tsaye a gabanta, ko da lomar ɗanɗano ce. Na ce a raina, wannan gida ne ko barikin soja?

Wata ranar Lahadi da yamma ya kira ni, muryarsa a sanyaye.

"Mama ta ce dattawa su dakata tukuna."

Na ce, "Saboda me?"

"An gaya mata kullum kina gidan kallo, ke kaɗai mace, kina fitowa ido ja."

"Haba! Karatu fa nake yi! Ka sani sarai!"

"Ni na sani," in ji shi. "Amma zo ki gaya wa Mama cewa kallon fim karatu ne."

Na kashe wayar ina huci, amma kafin gari ya waye fushin ya zama tsoro. In na daina zuwa, aikina ya tsaya, ga lokacin miƙa shi ya matso, malamina kuma ba ya karɓar uzuri. In na ci gaba, zance ya ƙara tsami. Na kira mamata a Kagoma don ta lallashe ni, sai ta ƙara mini gishiri a ciwo. Ta ce, "Makaranta muka tura ki ko silima?" Don wauta sai na fara zagayawa ta bayan tasha ina lulluɓe kaina da babban mayafi. Kai, wannan dabara ita ta ƙara tona ni, don yanzu na zama mai shiga a ɓoye. Duk matar da ta dube ni a kasuwa sai in ce ita ce 'yar aiken. Na rame har siket ɗina ya fara juyawa a ƙugu.

Wata safiya ina zaune a duhu, na tsayar da hoto ina rubutu, sai na ji Alhaji a waje yana cewa, "Sannu da zuwa, Mama. Tana ciki." Labulen buhun da ke ƙofa ya ɗaga, haske ya shigo, ga mahaifiyar mai nemana nan tsaye da zanen zumunta, jakarta a hammata. Yesu na! Na durƙusa har ƙasa ina gaisuwa.

Hausar Mama irin ta tsofaffinmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wajenta. Ta share benci da gefen zaninta, ta zauna, ta ce, "An ce karatu kake yi a nan. Gani ya kori ji. Kunna mini karatun."

Sai a lokacin na tuna abin da ke cikin faifan. Labarin wata mata ne a wani gari mai sanyi a bakin teku, da 'ya'yanta maza biyu. Babban ya fita wata safiya a kan babur, bai dawo ba, sauran fim ɗin duka zaman uwar ne bayansa. Ita kuma Mama, babban ɗanta, yayan wanda zan aura, a kan babur ya rasu a hanyar Kafanchan, shekaru kafin in san gidan. An gaya mini ko sunansa ba a ambata a gabanta. Cikin duk finafinan duniya, wannan zan kunna wa matar da ta zo neman laifina? Na yi tunanin in ce faifan ya lalace. Na yi addu'a janareta ya mutu. Janaretan da kullum sai ya yi tari, ranar nan lafiyarsa ƙalau.

Na kunna daga farko. Turancinsu na hanci ne, ba ta kama shi, sai ta riƙa zungurina da gwiwar hannu. "Me ya ce?" In fassara. Don in nuna mata lallai aiki ne, na shiga zuba bayani kamar ina gaban malamai: Mama, dubi yadda suka sa hasken ya yi fari, dubi inda suka ajiye agogo. Ta ce, "Uhm." Ba ta ko dube ni ba.

Muka iso wurin da na fi tsoro, wanda a kansa na gina babi guda. Safiya ce a kicin. Uwar ta zuba shayi, babban ɗan ya shigo a gurguje, ya ɗauki burodi yana ci a tsaye. Ta ja masa kujera, ya yi dariya, ya dafa kafaɗarta, ya fice ya bar ƙofa a buɗe. Kyamara ba ta bi shi ba, ta tsaya a kan kujerar da bai zauna ba. Na rubuta shafuka a kan kujerar nan, yadda take sanar da mai kallo mutuwa tun kafin ta zo. Bayanin yana kan harshena, amma na haɗiye shi.

"Tsaya," in ji Mama.

Na tsayar. Na ce a raina, shi ke nan, ta ƙare.

"Mayar mini da shi baya."

Na mayar. Yaron ya sake shigowa, ya ɗauki burodi, ya yi dariya, ya fita.

"Mayar."

Na sake mayarwa. Ban san sau nawa muka yi haka ba. Ta sauke jakarta a ƙasa, ta matso bakin benci, duk sanda yaron ya shigo sai leɓɓanta su motsa kamar tana yi masa magana. A waje 'yan acaba na ta gardama. Ni da na yi makonni ina mayar da wannan wuri baya don in ƙirga daƙiƙun kyamara, ban taɓa tunanin abin da maɓallin nan zai zama a hannun uwa ba.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ya dawo?"

Nan ne na fi jin tsoro a duk ranar. In na ce ya dawo, na yi wa matar da ta zo auna gaskiyata ƙarya, kuma tana iya cewa mu kalla har ƙarshe. In na faɗi gaskiya, na soka mata wuƙa a tsohon miki, a cikin rumfar ƙwallo, ni da ko gaisuwata ba a kawo ba.

Na ce, "Bai dawo ba, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Na sani," ta ce. "Nawa ma a tsaye ya sha kunu. Na ce zauna, ya ce sai ya dawo."

Ta share fuska da bakin ɗankwalinta. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, irin mai majina, ba kunya ba tsoron ido. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta tambaye ni abin da nake rubutawa a kai. Na ce a kan kujerar ne. Ta dubi hoton da ke tsaye a talabijin ta daɗe, ta ce kada in kunna sauran, ya isa haka.

Muka fito tare, idona ja, nata ja. 'Yan acaba suka yi tsit, wani har da gyara madubin da ba abin da ya same shi. Ban san matsayina ba har lokacin, don ba ta ce an yafe ba, ba ta ce dattawa za su zo ba. Ta yi wa Alhaji godiya, ta tsaya wajen mai ƙosai da ke gefen rumfar, ta sa aka ƙunsa mata, ta miƙo mini. Rabona da abinci tun jiya da rana, ga ruɗewa, sai kawai na buɗe takardar na kai ɗaya baki.

Ta kama hannuna tun bai isa ba. Da ɗaya hannun ta jawo bencin mai ƙosai, ta kafa shi a bayana, a gaban duk 'yan tasha.

"Zauna, 'yata," ta ce. "'Ya'yan gidana ba sa ci a tsaye."